Kawu, .380 zan saya ko 9mm?

Saƙon wannan satin daga wani yaronmu ne da ke zaune a Houston, jihar Texas ta Amurka. Na rage masa tsawo amma ga gundarinsa:

"Assalamu alaikum Kawu. Shekarata 31, ina da girin kad, wato takardar zaman dindindin a Amurka, shekara shida kenan ina Houston, ina da mata da yara biyu, babban shekararsa biyar. Aikin dare nake a shagon gidan mai. Watan da ya wuce wasu samari biyu suka shigo wajen ƙarfe biyun dare suka ɗora min bindiga suka kwashe kuɗin durowa. Allah ya kiyaye basu taɓa ni ba, amma tun ranar bana bacci sosai, ko daga mota zan fito a ƙofar gida sai na yi ta waige-waige. Na yanke shawarar sayen ƙaramar bindiga wadda zan dinga ɓoyewa a jikina kullum. Matsalar kowa da abin da yake gaya min. Abokin aikina yace .45 kawai, harbi ɗaya mutum ya faɗi. Wani yace 9mm. Mai shagon bindiga ya nuna min wata 'yar mitsitsiya .380 mai shiga aljihu, ita ce ta kwanta min a rai don ni bani da jiki kuma ban taɓa harba bindiga ba a rayuwata. Matata kuma tace in dai dole ne in sayi .22 tunda ance bata da ƙara. Kawu wacce zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam ɗana. Barka da arziki, Allah ya tsare gaba, kuma ka yi daidai da ka miƙa musu kuɗin baka yi gardama ba, kuɗin durowa ma ba naka bane balle ka mutu a kansa.

Bari in baka amsar tun farko don na san halinku yaran yanzu, in rubutu ya yi tsawo sai ku tsallake zuwa ƙasa. In ni ne kai 9mm zan saya, kuma ba mafi ƙanƙantar 9mm da ke shagon ba, wadda duk yatsuna za su samu wurin zama a mariƙinta. In hannunka ya ƙi 9mm bayan ka gwada, toh sai .380 amma mai ɗan jiki. Waccan 'yar mitsitsiyar da ta kwanta maka a rai kuwa ita ce ta ƙarshe da zan ba mutumin da bai taɓa harbi ba, zan gaya maka dalili don ni kaina ta taɓa ja na.

Amma kafin maganar harsashi akwai maganar takarda, don mu baƙi a ƙasar nan kuskure ɗaya ya isa ya rusa shekara goma na wahala. Kai mai girin kad dokar tarayya ta yarda ka sayi bindiga, zaka je wajen dila mai lasisi ka cika fom 4473 a duba sunanka a tsarin NICS, wato binciken gwamnati na waɗanda doka ta hana sayen bindiga, in ba matsala su baka. Kada ka saya a hannun wani a bayan mota don wai ta fi araha, kuma kada ka yi ƙarya ko ɗaya a fom ɗin nan. Mai girin kad da kotu ta kama da laifin da ya shafi bindiga ana iya tasa ƙeyarsa gida, ko da laifin ya yi kama da ƙarami a idonka. Masu karatu da ke kan bizar karatu ko ta ziyara kuwa ku cire ranku, dokar tarayya ta hana ku mallakar bindiga da harsashi in ban da wasu 'yan keɓantattun yanayi, kada wani ya ruɗe ku sai kun zauna da lauya.

A Texas tun 1 ga Satumba 2021 wanda ya kai shekara 21 kuma doka bata hana shi ba zai iya ɗaukar ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Duk da haka ni nace ka je ka yi lasisin, wanda suke kira LTC. Aji ne na awa huɗu zuwa shida, sai jarrabawar rubutu, sai gwajin harbi na harsashi 50 a nisan yadi 3 da 7 da 15. A ajin ne za a karanta maka inda doka ta yarda ka yi harbi da inda zaka ƙare a kurkuku, za a nuna maka allunan nan masu lamba 30.05 da 30.06 da 30.07 da ake liƙawa a ƙofar shaguna da ma'anar kowanne, da mai jan 51% na wuraren shan giya. Lasisin yana maka aiki a wasu jihohin da suka amince da na Texas, kuma akwai dokar tarayya ta taku 1,000 daga makaranta wadda mai lasisin jihar yake da sassauci a kanta, kai kuma ga yaro ɗan shekara biyar da zaka dinga kaiwa makaranta. Sannan ka tambayi mai gidan man da kake wa aiki, don yawancin manyan kamfanonin shaguna sun hana ma'aikaci riƙe makami a bakin aiki kuma suna da ikon korarka a kan haka. In kana taɓa Uber ko Lyft a gefe, su ma dokarsu ta hana direba ɗaukar bindiga. Gara ka san wannan kafin ka kashe kuɗinka.

Toh yanzu lambobin nan da suka rikita ka. Abin da ake kira kaliba faɗin harsashi ne kawai, wasu a inci wasu a milimita. Abin dariyar shine .380 da 9mm faɗinsu ɗaya ne, inci 0.355, bambancin yana kwanso. Kwanson .380 tsawonsa milimita 17, na 9mm kuma 19, shi yasa zaka ga an rubuta 9x17 da 9x19. Milimita biyu kamar ba komai ba, amma 9mm ana cika shi da ƙarfin da ya fi na .380 da fiye da rabi wajen matsin iskar da ke tura harsashin, kuma kan harsashin ya fi nauyi, 115 ko 124 ko 147 a ma'aunin da suke kira giren, shi kuma .380 yawanci 90 zuwa 95. Dukkansu tsofaffin hannu ne, John Browning ne ya fito da .380 a 1908, shi kuma 9mm wani Georg Luger ne ya ƙera shi a farkon shekarun 1900 don bindigogin Jamus. Ka kula a shago, .380 a wasu kwalayen Turai ana rubuta masa 9mm Kurz ko 9mm Short, akwai kuma 9x18 na Rasha, duk sunansu tara amma kowanne da bindigarsa. Abin da aka zana a jikin bindigarka shi zaka saya, harafi da harafi.

Abokin aikinka mai .45 na san irinsu, kowane wurin aiki akwai ɗaya. Maganar harbi ɗaya mutum ya tashi sama ya faɗi ta fim ce. Harsashin ƙaramar bindiga ko wanne iri ne rami yake hudawa, in ramin bai bi ta inda ya kamata ba mutum zai iya ci gaba da abin da yake yi na daƙiƙu masu yawa, kuma wannan ba ni na faɗa ba, hukumar FBI, masu binciken manyan laifuka na tarayya, ce ta koye shi da jinin mutanenta. Ranar 11 ga Afrilu 1986 a Miami jami'ansu takwas suka tare wasu 'yan fashin banki biyu, aka yi musayar wuta na 'yan mintuna, jami'ai biyu suka mutu biyar suka ji rauni. Ɗaya daga cikin 'yan fashin tun farkon faɗan harsashin 9mm ya shiga ta hannunsa ya wuce ƙirji ya tsaya dab da zuciya, raunin da zai kashe shi ne amma bai tsayar da shi a lokacin ba, da wannan raunin ya yi ɓarnar da ya yi. Daga nan FBI suka ɗora laifin a kan harsashin, suka koma 10mm mai ƙarfi, sai aka ga jami'ai da yawa basa iya sarrafa shi, aka rage masa ƙarfi, daga nan aka haifi .40 S&W a 1990 'yan sandan Amurka suka yi ta rububinsa shekara da shekaru. Sai gashi wajen 2015 zuwa 2016 FBI ɗin da kansu suka dawo 9mm, dalilinsu kuwa harsasan zamani sun gyaru, jami'ansu sun fi samun abin da suka nufa da 9mm kuma da sauri, ga shi bindiga ta fi cin harsashi da yawa. Kaga kusan shekara talatin suka yi suna zagaye suka dawo inda suka tashi.

Abin da ya fito daga wancan zagayen wanda zai maka amfani shine ma'aunin da suka kafa. Ana harba harsashi cikin wani daskararren abu mai kama da jeli da aka haɗa ya yi kusa da naman mutum, ana so ya nutse inci 12 zuwa 18, wato kamar santimita 30 zuwa 46. Ƙasa da haka bai isa ba, sama da haka zai iya fita ta baya ya samu wanda bai ji ba bai gani ba. 9mm mai kyau yana cika wannan ma'aunin cikin sauƙi ko daga gajeren bututu. .380 kuwa a bakin iyaka yake, in kansa ya buɗe sosai sai ya kasa nitsewa, in ya nutse sai ka ga bai buɗe ba, sai ka zaɓa da kyau kafin ka samu wanda ya haɗa biyun. .45 yana cikawa shima, amma a ƙaramar bindiga tokarinsa, wato dukan da bindiga ke yi wa hannu in an harba, ya yi wa sabon shiga yawa, harsashin ya fi tsada, kuma guda shida ko bakwai kawai take ci. Ka bar wa abokin naka kayansa.

Maganar uwargida ta .22 kuwa, a gaishe ta, tana da hujja rabi. Gaskiya .22 LR bata tokari, harsashinta ya fi kowanne araha, kuma ba abin da ya kai ta daɗin koyon harbi. Amma ƙara tana da ita, daga gajeren bututu zata iya lalata maka kunne in ba ka toshe ba, kuma tana kisa, kada kowa ya ɗauke ta abin wasa. Matsalarta wajen kare kai guda biyu ce, rauninta ƙarami ne, sannan yadda aka yi harsashin abin da ke tada wutar a gefen gindin kwanson yake, shi yasa ya fi sauran yawan ƙin tashi, ka ja kunama ka ji ƙyas ba komai. A filin koyo wannan abin tsaki ne kawai, a tsakar dare kuwa wani zance ne. Ina ba da shawarar .22 ga tsoho mai ciwon gaɓoɓi ko wanda hannunsa ba zai ɗauki komai ba sai ita. Kai shekara 31 kake. Su .25 da .32 kuma kada ma ka ɓata lokacinka, harsashinsu tsada ga wahalar samu.

Yanzu ga labarin 'yar mitsitsiyar. Shekarun baya da na fara wannan harka nima abin da ya ja ni kenan, na shiga wani shago mai shagon ya ɗora min wata .380 a tafin hannu, wallahi kamar wayar salula, bata kai giram 300 ba, na zura ta a aljihun wando na duba madubi ba alamar komai, nan take na biya. Ranar Asabar na tafi renj, wato filin koyon harbi, na rataye takarda a yadi bakwai. Harbin farko na ji kamar an maka min sanda a tsakanin babban yatsa da manuniya. Mariƙin gajere ne, yatsu biyu ne kawai suka kama, ƙaramin yatsana yana lilo a iska, duk harbi sai bindigar ta nemi tsalle daga hannuna in sake gyara riƙo. Abin saitin da ke samanta kuwa ƙanana ne kamar ƙwayar gero, ga kunamar doguwa mai tauri. Kafin in gama kwali ɗaya na harsashi 50 fatar wurin ta yi ja ta fara saɓulewa, kuma na fara wani abu da ban sani ba sai da wani dattijo Bature da ke layin kusa da ni ya nuna min, wai ina runtse ido ina danna bakin bindigar ƙasa tun kafin ta tashi saboda jikina ya riga ya san zafin da ke zuwa. Na jawo takardar, ramukan sun watse can ƙasa ta hagu kamar an watsa tsakuwa, wasu ma basu taɓa takardar ba. Dattijon nan bai ce komai ba ya miƙo min tasa, 9mm ce mai matsakaicin girma, yace gwada biyar. Harsashin ya fi nawa ƙarfi nesa ba kusa ba amma sai na ji ta fi laushi a hannu, biyar ɗin duk suka taru a wuri ɗaya kamar faɗin tafin hannu.

Abin da mai shago bai gaya min ba shine nauyin bindiga shi ke shanye tokari. In ka rage nauyi ka rage mariƙi, duk ƙarfin a hannunka zai sauka. Shi yasa bindigar da ta fi daɗin ɗauka ita ce ta fi wuyar harbi, irin waɗannan na aljihu kayan ƙwararru ne da ake sayar wa sababbi saboda suna da kyau a ido. Kuma bindigar da ke maka ciwo ba zaka yi atisaye da ita ba, tawa wata takwas ta yi a aljihuna ban sake harba ta ba, ina yawo da abin da na san ba zan iya samun ƙofar gareji da shi ba in hankalina ya tashi.

Sa'arka ɗaya kasuwar ta canza. A 2018 kamfanin Sig Sauer ya fito da P365, 9mm ce mai nauyin kusan rabin kilo amma tana cin harsashi 10 a magazin, wato gidan harsashin da ake zurawa a mariƙi, da ɗaya a bututu, kafin nan masu wannan girman irin su Glock 43 shida suke ci. Daga nan kowa ya bi, Springfield suka kawo Hellcat, Smith & Wesson suka kawo Shield Plus, Glock suna da 43X da 48 masu dogon mariƙi. A wannan ajin zan ce ka duba, musamman masu ɗan tsawon mariƙin, su ma suna da tokari fiye da babbar bindiga irin Glock 19 amma mutum zai iya koyo da su. In ka gwada ka ji 9mm ta maka yawa ko jan silaid ɗin baya, wato saman bindigar da ake ja don ɗana ta, yana baka wahala, akwai .380 masu jiki irin Shield EZ da aka yi musamman don masu raunin hannu, da Glock 42, da P365 ɗin ma akwai ta .380. Waɗannan suna da laushi sosai, kuma .380 da kake samun abin da ka nufa da ita ta fi 9mm da kake watsawa a iska, ba kunya a ciki. Abu ɗaya dai, harsashin atisaye na 9mm yawanci ya fi na .380 araha duk da ya fi shi girma, saboda shi sojoji da 'yan sanda da kowa ke amfani da shi, kuma ko wane shago ka shiga zaka same shi. Ga mai aikin gidan mai da iyali wannan ba ƙaramin abu bane, don kuɗin harsashin da zaka ƙona a shekara biyu zai iya kamo kuɗin bindigar.

Akwai kuma libarba, mai tulun nan da ke juyawa, .38 Special mai cin biyar irin Smith & Wesson 642 ko Ruger LCR. Tsofaffi suna sonta don bata da tarkace, ba silaid ba magazin, in harsashi ya ƙi tashi ka sake jan kunama kawai. Ina girmama ta amma kunamarta tauri gare ta, masu sauƙin nauyin kuma suna dukan hannu kamar waccan tawa. In wani yace ka sa .357 Magnum a irin wannan ƙaramar, ka ce masa ya fara harbawa kana kallo.

Sai maganar da Bature mai koyarwa ba zai gaya maka ba, wato kayanmu. Wando mai tazuge baya riƙe bindiga, rabin kilo zai ja shi ƙasa kana tafiya kana gyarawa kowa ya gane. Dole sai bel mai tauri da kube na roba mai ƙarfi wanda aka yi wa irin bindigarka, wanda ya rufe kunama ruf. Kada ka taɓa zura bindiga tsirara a aljihu ko a ƙugu, makulli ko bakin riga ya shiga wurin kunama shikenan ka harbi cinyarka. Ranar Juma'a in ka sa doguwar riga har gwiwa ɓoyewa kam ta ɓoyu, amma gwada ɗage ta da hannu ɗaya cikin sauri ka gani, sai ka yi ta kokawa da shadda. Ga ruku'u da sujada, in a bayan ƙugu take duk wanda ke sahun baya zai ga shatinta, ga wurin alwala da banɗaki inda mutane ke cirewa su ajiye su manta. A Texas doka bata hana shiga wurin ibada da ita ba sai in wurin sun sa sanarwa, masallatai da dama kuma sun sa, ka duba ƙofa ka kuma tambayi kwamiti. Zafin Houston ma ka san shi, wata shida a riga 'yar shara zaka yi, shi yasa bance ka sayi babba ba, wadda ta dame ka a ƙugu a gida zaka dinga barinta. Ƙaramin goro ai ya fi babban dutse.

Harsashi kuma iri biyu zaka saya. Na atisaye mai dunƙulallen kai, shi ne mai araha. Na ɗauka a jiki kuma mai rami a baki wanda ke buɗewa in ya shiga, don kada ya ratsa ya wuce ya samu wani, irin su Federal HST ko Speer Gold Dot ko Hornady Critical Defense, duk sanannu ne. Ka harba kwali ɗaya ko biyu na wanda ka zaɓa a bindigarka ka tabbatar tana cinsa ba sarƙewa, don wata bindigar tana da zaɓen abinci.

Abin da zaka yi kafin ka ba kowa kati ya goga: yawancin renj a Houston suna ba da hayar bindiga. Ka biya malami na awa ɗaya ko biyu, ka ce masa baka taɓa harbi ba, ya fara maka da .22 ka saba da ƙarar, sannan ka hayi uku, 'yar aljihun nan da kake so, da .380 mai jiki, da 9mm irin waɗanda na lissafa. Kowacce harsashi 20 ko 25 a yadi bakwai, kowacce da takardarta, ka rubuta suna a kai. Ka shimfiɗa takardun uku a bayan motarka ka kalla. Gani ya kori ji. Wasu wuraren basa ba mutum shi kaɗai haya in bai zo da tasa ba, sai ka tafi da aboki ko ka bi ta hannun malamin. Ka tafi da uwargida ma in zata yarda, tunda a gidanta abin zai kwana.

Akwai wani layi a saƙonka da ya fi tsaya min a rai fiye da maganar kaliba, inda kace baka bacci kana waige-waige. Wannan ba rashin jarumta bane, duk wanda aka ɗora wa bakin bindiga a ka sai jikinsa ya ɗau lokaci kafin ya yarda an wuce wurin. Amma mutumin da bai yi bacci ba, mai firgita da motsin ganye, in ka sa masa bindiga a ƙugu wanda zai fara harba wataƙila maƙwabcinsa ne da ya fito zubar da shara. Ka je ka ga likita ko mai ba da shawara kan irin wannan, ka yi magana da matarka, ka riƙe addu'o'inka na safe da yamma, satittikan da zaka yi kana aji kana jiran lasisi su zama na samun natsuwa. Kuma ka san wannan, a 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka bisa ƙididdigar CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, fiye da rabinsu su suka kashe kansu. In ka taɓa jin duniya ta maka ƙunci irin wancan, ko rikici ya yi zafi a gida, bindigar ta bar gidan tukuna.

Yaro ɗan shekara biyar kuma yana da ƙarfin jan kunama, kada ka yi tantama, kuma ya san duk inda kake ɓoye abu, saman wadirob da ƙarƙashin katifa duk ya gama bincike. Ranar da zaka sayi bindiga ranar zaka sayi ƙaramin akwatin ƙarfe mai lamba, ko tana jikinka ko tana cikinsa a kulle, ba wuri na uku. A Texas barin bindiga mai harsashi inda yaro zai kai gare ta laifi ne a doka, ban da abin da ba a fata. Mota ma ba ma'ajiya bace, daga motoci ake sace bindigogi da yawa a garin nan.

Ka sake tuna daren da aka yi muku fashi. Bindiga tana kanka, yatsan ɗan fashin yana kan kunama, su biyu ne. Da kana da 9mm a ƙugu a daren nan, abin da ya kamata ka yi shine dai abin da ka yi, ka miƙa kuɗin, don ba mai zaro bindiga daga ƙarƙashin riga ya riga wanda ya gama saiti. Amfaninta yana ranar da ka ga alamar ba kuɗi kaɗai suke so ba, ko suka ce ka shige ɗakin baya ka kwanta, kuma ka samu sarari. In suka juya suka fita kada ka bi su waje. Sannan mu baƙaƙen fata akwai ƙarin hattara da 'yan sanda, Philando Castile yana da lasisinsa a Minnesota a 2016, ya gaya wa ɗan sandan da ya tsayar da shi cewa yana ɗauke da bindiga, cikin daƙiƙu aka harbe shi a mota. In an tsayar da kai ka kunna fitilar cikin mota, hannu biyu a kan sitiyari, ka faɗa da baki cewa kana da lasisi kuma tana jikinka, kada hannunka ya motsa sai ya ce ka motsa.

Masu karatu na gida Najeriya, wannan hirar ta Texas ce, a can dokar makamai ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, ba abin da mutum zai shiga shago ya saya bane. Kai ma ɗana in zaka je gida hutu kada ka yi tafiya da jakar da kake zuwa renj da ita, harsashi ɗaya da ya maƙale a kusurwar aljihu ya isa ya sa ka kwana a hannun hukuma a filin jirgi.

Ka je ka yi gwajin nan na takarda uku, ka ɗauki hotonsu ka turo min in gani. A gaida uwargida da yara.